Rijiyar Ɗantsoho a Kan Soro

A zamanin da Turawa suka gama raba ƙasa a tsakaninsu, Ingilishi nan Faransa can, babu bafataken da ke cin kasuwar Maigatari da bai san gidan Muntaka ba. Muntaka fatoma ne, mai saukar baƙin kasuwa, kuma gidansa ne kaɗai a unguwar yake da jerin ɗakunan soro, rufin azara da ƙasa, sauran masaukai duk bukkokin kara ne. In ka sauka wurinsa kayanka sun tsira daga gobara, jakinka yana da turke, ga rijiya a tsakar gida. Wasu baƙin da niyyar kasuwa ɗaya suka zo, daɗin gidan ya riƙe su har suka zama 'yan haya.

Ana nan sai Muntaka ya ɗaura niyyar hajji. Hajjin lokacin kuwa a ƙafa ne, mutum ya tafi da baƙin gemu ya dawo da furfura. Ya duba dangi kaf bai ga wanda zai bar wa gida ba sai ƙanensa Ɗantsoho, don shi kaɗai ne ba shi da aikin yi. Ya kira shi zaure ya ce, "Ɗantsoho, ga amanar gida. Ban ce ka ƙara komai ba. Abu ɗaya nake roƙo, in dawo in tarar da baƙina inda na bar su."

Ɗantsoho ya daki ƙirji har ya yi tari. Ya ce, "Yaya, tafi abinka. Kafin ka dawo sai an riƙa tasowa daga Gumel ana zuwa kallon gidan nan."

Muntaka ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki sandarsa.

Shi Ɗantsoho ɗan guntun mutum ne, amma muryarsa ta ishi ƙato uku. Abin da ya lalata shi shi ne ya taɓa zuwa Damagaram sau ɗaya, dakon fatu, ya leƙa barikin Faransa ta ƙofa kafin wani soja ya kore shi da gindin bindiga. Tun daga ranar ba a sake jin kunne ba. In ya ba da labarin, Kumandan ne da kansa ya tare shi, ya zaunar da shi kan kujera, ya nemi shawararsa kan yadda ake riƙe ƙasa. Ya kuma dawo da kalmar Faransanci guda, "tirebiyan", da ita yake gaisuwa, da ita yake ta'aziyya. Ranar da Muntaka ya juya baya ya hana a kira shi da sunansa, ya ce Wakili za a riƙa cewa.

Wakilci dai ya tsaya a zaure. Damina ta zo ba a yi wa soro yaɓe ba, ta wuce, wata ta zo ta sake samunsa haka. Gara ta shiga azara ta yi gida. Ƙyauren zaure ya faɗi aka jingine shi, awakin unguwa suka mai da tsakar gida hanyarsu ta zuwa kasuwa. Baƙin kwana ɗaya suka daina sauka, ya rage sai 'yan haya uku da kunyar Muntaka ta riƙe: Malam Ishaƙ, Badamagare mai fataucin gishiri, da Iya Safara'u, dattijuwa mai tuwon sayarwa, da Manu, Bafillace mai dillancin shanu.

Wata safiya da bazara ta kawo kai, su ukun suka same shi a zaure yana kishingiɗe yana sakace.

Malam Ishaƙ ya ce, "Wakili, bara a tsaye na yi damina, ina janye gishiri daga wannan lungu zuwa wancan. Gishiri da ruwa ba sa ga maciji, ka sani. Yaushe za a yi yaɓe?"

"Yana cikin tsari, Malam."

Iya Safara'u ta ce, "Masai fa? Jiya ƙafata ta zurma har gwiwa. Ba don ƙafar kirki ce ba da yanzu ana zaman makokina."

"Shi ma yana cikin tsari, Iya."

"Wane irin tsari ne wannan da komai ke shiga ba ya fitowa? Ko shi ma masai ne?"

Manu ya ce, "Aradu ni ban zo da dogon zance ba. Guga ya faɗa rijiya tun shekaranjiya. Da ƙoƙon alwala nake bin maƙwabta kamar mai neman gishirin miya."

Ɗantsoho ya tashi zaune. Yaɓe aiki ne, masai ƙazanta ce, amma ciro guga abu ne da za a yi a gaban mutane a gani. Ya ce, "Guga? Don guga kuka taru? A Damagaram na ciro doki daga rijiya, da sirdinsa. Ku biyo ni."

Ya aro ƙugiya ya zura, ya yi ta lalube yana ba da labarin dokin, har igiyar ta suɓuce ƙugiya ta bi guga. Ya leƙa ya ce ai da gangan ya yi, don ta riƙe masa gugan kafin ya iso. Ya sa aka kwanto jakin Malam Ishaƙ, ya ɗaura masa igiya a ƙirji, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa. Ya ce wa Manu, "Ka riƙa matso da shi baya-baya ina sauka. In na ce ja, ka kora shi gaba."

Manu ya ce, "Wakili, ni fa shanu na sani. Jaki ba ya jin Fillanci."

"Yi masa Hausa."

Saukar ta yi kyau har rabi. Nan jaki ya ga ba dalilin da zai sa ya yi ta riƙe nauyin mutumin da bai taɓa ba shi ko dusa ba, ya ja da baya da sauri, aka ji tsundum. Daga can ƙasa murya ta taso, "Ja! Ja! Ja, don iyayenka!" Manu ya daka wa jaki tsawa, jaki ya kafe. Iya Safara'u ta kawo muciya ta ɗirka masa, ko gezau. Ana cikin haka wata jaka ta yi kuka a bayan katanga. Ai kuwa jaki ya miƙe kunne ya zabura kamar an sa masa wuta. Ɗantsoho ya taso daga rijiya yana gaisawa da bango dama da hagu, ya fito ya tuge itacen bakin rijiyar, jaki ya ja shi ta tsakar gida, ta zaure, har bakin titi. A bayansa bakin rijiya ya rufta, yashi ya bi ya cike ta.

Da aka kwance shi ba guga a hannunsa. Ƙugiya kam ya samo ta, tana maƙale a wandonsa, wandon kuma yana wajen idon sawu.

Ya miƙe yana tattare mutuncinsa da hannu ɗaya, ya ce, "Tirebiyan. Da ma rijiyar ta tsufa, na gwada ta ne."

A daidai ƙofar gidan da jaki ya yar da shi Ubale yake zaune kan buzu. Ubale shi ma fatoma ne, bukkoki gare shi, amma jinkarsu sabuwa ce kuma rijiyarsa ba ta taɓa ƙafewa ba. Ya daɗe yana haɗiyar yawu kan 'yan hayar Muntaka. Bai yi dariya ba, ya dai ce, "Sannu Wakili. In baƙinka na son ruwa, ƙofata a buɗe take. In suna son ɗaki ma haka."

Da yamma 'yan haya suka dawo zaure, wannan karon ba su zauna ba. Malam Ishaƙ ya ce, "Ɗantsoho."

"Wakili."

"Ɗantsoho. Mun ci gishirin yayanka, ko in ce shi ya ci nawa, shi ya sa muke nan har yau. Amma da yoyo ɗaya muke kuka, yanzu ga ƙishirwa. In damina ta kankama ba ruwan sha, ga ruwa a kanmu, gidan Ubale za mu koma. Ba fushi, ba gaba."

Maganar ta shige shi, gaskiya. Duk cika bakinsa yana tsoron ranar da Muntaka zai tsaya a zauren nan ya tambayi baƙinsa. Da wani ne da washegari ya nemo magina da masu haƙar rijiya, ya ba su haƙuri da goro. Amma Ɗantsoho yana ganin yaɓe aikin kowa ne, in ya yi shi ba wanda zai ce ya yi wani abu. Ya zauna ya yi ta juya maganar Malam Ishaƙ: ba ruwan sha, ga ruwa a kanmu. Sai ya tuna abin da ya hango a barikin Faransa kafin gindin bindiga ya same shi, wani bututu da ya sauko daga rufin kwano yana zuba cikin ganga. Ya yi tsalle ya miƙe har ya taka akuya.

Da safe ya tara su ya ce, "Ku saurara, don irin wannan magana ba kullum ake jin ta a ƙasar Gumel ba. Kuna kukan ruwa ya yi yawa a sama, ya yi kaɗan a ƙasa. To me ya sa muke barin na saman ya tsere ta indararo? Zan toshe indararo duka. Zan ƙara wa rawanin soro tsawo. Ruwan sama ya sauka ya zauna. Kowane ɗaki in huda masa rufi in sa bututun gora da toshiya. Kana kwance, ƙishirwa ta kama ka, ka miƙa hannu ka zare tsumma. Kowa da rijiyarsa a kansa!"

Manu ya cire malfarsa ya leƙa cikinta ya mayar.

Iya Safara'u ta ce, "Ɗan nan, da ka faɗa rijiya, da kai ka fara sauka?"

"Iya, haka Kumandan yake shan ruwa."

Malam Ishaƙ ya ce, "Kai, ni ɗan Damagaram ne. Rufin Nasara ƙarfe ne, kuma ruwan a ganga yake zama, ba a kansa ba."

"Kai daga waje ka gani, Malam. Ni na shiga ciki."

"Ƙasa ce fa da azara. Ƙasa in ta sha ruwa me take zama?"

"Randa da me aka yi ta? Ba ƙasa ba? Ka taɓa ganin randa ta narke?"

Malam Ishaƙ ya san akwai amsa, amma kafin ya kamo ta Ɗantsoho ya riga ya fita neman tsani.

Ya kira gayya, ya ce duk saurayin da ya zo zai shiga tarihi. Samari suka tambaya ko akwai fura, aka ce babu, ba wanda ya zo. Shi kaɗai ya kwaɓa ƙasa ya yi ta hawa da sauka, kuma a faɗi gaskiya, tunda aka haife shi bai taɓa yin aiki kamar wannan ba. Rabin wahalar da ya sha da ta isa a yaɓe gidan har da na maƙwabta. Ya cusa wa kowane indararo tsumma ya liƙe da laka. Ya ɗaga rawanin soro har ƙugu. Ya bi ɗaki ɗaki da dagi yana huda rufi, ƙasa na zuba cikin tukunyar Iya Safara'u tana tsine wa Kumandan da duk danginsa.

Unguwa ta samu abin yi. Masu wucewa sukan tsaya su ɗaga kai. Wani ya ce, "Wakili, in ta cika za ka zuba kifi?" Wani ya ce, "A ajiye mini gefe ɗaya, zan shuka shinkafa." Ɗantsoho ya leƙo ta saman rawani, laka har gira, ya ce, "Ku yi ta yi. Ranar da za ku zo roƙon ruwa sai kun yi layi, kuma da Faransanci za ku roƙa."

Abin haushi, ruwan farko da aka yi ɗan kaɗan ne, kuma dabarar ta yi aiki. Ɗantsoho ya ja su ɗakin Manu, ya sa ƙwarya, ya zare tsumma. Ruwa ya tsiyayo ja wur, da ɗan kashin awaki yana iyo a kai. Ya kafa kai ya shanye don kada a ce, ya goge baki ya ce, "Tirebiyan! Har garɗi gare shi." Ya miƙa wa Manu.

Manu ya ce, "Azumi nake."

"Yanzu na gan ka da fura."

"Yanzu na ɗauka."

Daga nan fa ba a sake iya shi ba. Ruwa na biyu ya zo, na uku ya biyo, tafki ya kwanta a kan soro. Kwaɗi suka ji labari. Agwagin Ubale suka tashi fir suka sauka a kai, suka ƙi komawa gida ko da an kira su da tsaba. Ɗantsoho ya tsaya a ƙofa yana nuna su da baki, ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka titi, "Ga shi nan, 'yan hayar Ubale sun fara dawowa wurina!"

A cikin ɗakuna kuwa bango ya yi sanyi ya fara gumi. Malam Ishaƙ ya kamo hannun Ɗantsoho ya kai shi ɗakinsa ya nuna masa sama. Azara ta lanƙwasa ta yi ciki, ruwa na ɗiga ta wurin da ba bututu.

"Wannan fa?"

"Rufin Turawa haka yake, Malam, da ɗan tumbi. Alamar ƙoshi ce."

"Da dare kuka yake yi. Ƙiii, ƙiii."

"Yana sabawa ne."

Duk da haka ya zaga ya ɗauko taɓaryar Iya Safara'u ya tokare azarar, ya ɗora ta kan turminta da ya kife. Iya ta fito za ta yi daka ta tarar ba turmi ba taɓarya. Ta bi sawu har ɗakin gishiri, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ɗantsoho, da me zan daka dawar tuwo? Da kanka?"

"Iya, taɓaryarki ta samu ɗaukaka. Da hatsi take daka, yanzu gida take riƙe."

"To ta riƙe. In ta gaji ta saki, ka ce ban faɗa ba."

Wani mai hankali da a nan ya zare tsumman indararo ya bar ruwa ya kama gabansa. Ɗantsoho sai ya ga abin da ya rage kawai shi ne duniya ta shaida. In mai unguwa ya sa albarka a gaban jama'a, wane ɗan haya ne zai iya tashi daga gidan da ake zuwa kallo? Ya je ya faɗi gaban mai unguwa ya gayyace shi ranar Alhamis, ranar kasuwa, bayan azahar. Ya nemo maroƙi ya yi masa alkawarin tsohuwar hula.

Ran Laraba da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka wayi gari Alhamis ana yayyafi. Ɗantsoho ya hau tsani ya leƙa, ya ga ruwa ya kusa shafe rawani, agwagi na yawo a kai kamar masu gidan. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya buɗe adakar Muntaka ya ciro babbar rigarsa ta Sallah, wadda ta yi masa yawa har tana share ƙasa, ya tafi kasuwa tun da hantsi shi da maroƙi. Suka bi rumfa rumfa, daga 'yan kanwa zuwa kara inda ake cinikin shanu, maroƙi na kururuwa, "Ku zo ku ga rijiyar da ba a haƙa ba! Ku zo ku ga Wakili, mai shayar da mutane daga sama!"

Da ya dawo bayan azahar da jama'a a bayansa, ya lura tsakar gida ta yi shiru, ba jaki a turke, ba hayaƙi a murhun Iya. Ya ce a ransa sun tafi kasuwa ne. Da ya hango su ukun tsaye a bakin titi kusa da Ubale, sai ya ɗauka wuri suka kama da wuri don su ga da kyau.

Mutane suka cika titi, mutanen Gagarawa da na Sule Tankarkar da suka zo cin kasuwa, da Fulani da sandunansu, har da Buzaye biyu a kan raƙuma, waɗanda su kaɗai ke iya hango ruwan ba tare da tsani ba. Aka shimfiɗa wa mai unguwa buzu can nesa da bango, inda shi da kansa ya zaɓa. Ɗantsoho ya tattare riga ya hau, ya tsallaka rawani, ya shiga ruwa har cinya. Agwagi suka matsa masa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin mai unguwa! Jama'a, kakanninmu sun sha wahalar banza. Suna haƙa ƙasa neman abin da ke zuwa daga sama! Yau na kawo ƙarshen guga a ƙasar nan. Malam Ishaƙ, shiga ɗakinka ka zare toshiya, a kawo wa mai unguwa ya sa albarka."

Malam Ishaƙ ya ce, "Ƙafata na ciwo."

"Manu!"

"Har yanzu azumin nake."

"To ranka ya daɗe, ko za ka shiga da kanka? Hannunka mai albarka ne."

Mai unguwa ya dubi bangon da ya jiƙe ya yi baƙi har ƙasa, ya gyara zama ya ce, "Daga nan ma albarkar tana isa, Ɗantsoho."

Aka fara ƙus-ƙus ana dariya. Wani daga baya ya ce, "Tsoro suke kada ya rufto!" Wannan kalma ta soki Ɗantsoho. Ya juya ya ce, "Ya rufto? Wannan? Rufin da na gina da hannuna? Ku buɗe kunne ku ji ƙarfinsa!" Ya ɗaga ƙafa ya buga. Ruwa ya yi tambal-tambal. Maroƙi ya ce, "Ƙara, na Kumandan!" Ya ƙara. Maroƙi ya ce, "Da ƙafa biyu, giwa!"

Ya tattara riga ya yi tsalle da ƙafa biyu.

Aka ji ƙarar taɓarya ta karye, ƙas. Sai kuma wani dogon nishi daga cikin ginin. Ɗantsoho ya buɗe baki zai ce tirebiyan, ya kai "tire", rufi ya buɗe ya haɗiye shi da sauran kalmar. Ruwan duka ya bi shi ta ramin, da laka da azara da kwaɗi, agwagi suka tashi sama suna ihu. Ƙofar ɗakin ta yi aman jan ruwa har titi, mai unguwa ya ɗauke buzunsa da saurin da ba a san yana da shi ba. Ɗakin Manu ya ga abin da maƙwabcinsa ya yi ya bi sahu, na Iya ya biyo, daga ƙarshe na Ɗantsoho da kansa ya durƙusa a hankali kamar raƙumi.

A cikin laka Ɗantsoho ya farfaɗo, ya taɓa kansa ya ji yana nan. Sai ya gane ɗakin da yake ciki. Gishirin Malam Ishaƙ! Dukiyar bawan Allah kaf, wadda ya kawo tun daga arewa a bayan raƙumi. Ya shiga lalube da hannu biyu, lungu lungu, bai taɓa ko dunƙule ɗaya ba. Karo na farko a rayuwarsa kunya ta gaske ta kama shi. Ya rarrafo waje, rigar Muntaka ta zama tsumman laka, kwaɗo a aljihu, ya zube gaban Malam Ishaƙ.

"Malam, ka yafe mini. Ya narke. Duka ya narke, ko na miya bai rage ba."

Malam Ishaƙ ya ce, "Tashi, Ɗantsoho. Gishirina yana gidan Ubale tun da hantsi."

Ɗantsoho ya ɗago. Manu ya ce, "Da shimfiɗata." Iya Safara'u ta ce, "Da tukwanena. Turmi da taɓarya ne kawai ka ci, Allah ya isa."

"Wato kun tashi?"

"Kana fita muka kwashe."

"To me ya dawo da ku?"

Iya ta ce, "Kallo. Ai kai ka gayyace mu."

Titi ya ɗauka da dariya, har Buzayen da ba su ji Hausar sosai ba suna bubbuga wuyan raƙuma. Ɗantsoho bai ji dariyar ba. Ya waiga ya dubi inda jerin ɗakuna suke da, ya ga tudun laka da azara a tsaitsaye. Abu ɗaya yayansa ya roƙe shi, ga shi baƙin suna tsallaken titi, gidan kuma yana ƙasa. Bayansa na ciwo, amma ba shi ne ya sa idonsa ya kawo ruwa ba.

Kafin magariba hadari ya sake haɗowa, kuma a duk gidan Muntaka ba inda mutum zai fake sai zauren da ba ƙyaure, shi ma awaki sun riga shi. Ya daɗe yana zagaye a titi kamar mai neman abin da ya yar, sannan ya tsaya a ƙofar Ubale ya yi sallama da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba. Ubale ya ba shi bukkar ƙarshe, kusa da turken jakuna, bisa sharaɗi ɗaya: muddin yana gidan, ba zai hau komai da ya fi tabarma tsawo ba.

Kasuwar da ta zagayo, yana zaune a ƙofar Ubale yana shan rana, Iya Safara'u na gefe tana kwashe tuwo, sai ga wani baƙo da jakuna biyu da kaya, ya gaji tilis. Ya yi sallama ya ce, "Don Allah ina ne gidan Muntaka fatoma? Tun daga Damagaram aka ce in na zo kada in sauka ko'ina sai can."

Iya ta dakata da mara a hannu tana jiran ta ji. Ɗantsoho ya dubi tudun laka a tsallaken titi, inda agwagi ke kiwo. Ya gyara murya, tsohuwar muryar ta dawo.

Ya ce, "Allah ya so ka da ka gamu da ni, baƙo. Sauke kayanka nan. Gidan can ba a kula da shi ko kaɗan, wanda aka bar wa shi bai san aikinsa ba. Ni ma nan da ka gan ni, tashi na yi."